Allurar da Ka Aiko da Abin da Na Ɓoye

Maradun,
Jihar Sakkwato.
20 ga Maris, 1982.

Zuwa ga ƙanena Hayatu,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da maiɗakinka Adama da yara baki ɗaya. Yaya aiki, yaya sanyin Jos, yaya haƙuri da zaman baƙunta? Allah ya ƙara rufa asiri, ya tsare ku daga sharrin gari da na daji, ya sa albarka cikin abin da kake nema, amin. Mu nan mun gode Allah. Inna tana nan da ƙarfinta, sai dai gwiwoyin nan da suka matsa mata tun da muka dawo tudu, domin rijiyar nan da nisa, kuma ka san ta, ba ta yarda a ɗebo mata ruwan alwala. Mairo maiɗakina ta yi nauyi, muna sa rai kafin ruwan farko in Allah ya yarda. Ƙanwarmu Fatimatu ta zo daga Birnin Tudu ta yi mana kwana huɗu, ta kawo wa Inna tumatir da albasa daga gonar mijinta ta bakin kanal, magudanar ban ruwan nan. Ta rame, amma ba ta yi kukan komai ba.

Na san ka yi ta zuba ido ka ga takardata tun kaka, har ka aiko Falalu direba sau biyu ya tambayi labarin shanu, ni kuwa na ce ya gaya maka lafiya lau. Ba lafiya ba ce, Hayatu. Na ɗauki alƙalami ya fi a ƙirga ina ajiyewa. Amma ranar wanka ba a ɓoye cibi, kuma gara ka ji daga bakina da ka tsinta a bakin fasinjoji a tasha. Ina roƙonka ka karanta har ƙarshe kafin ka yanke mini hukunci.

Ka tuna takardar da na rubuta maka bara da damina, inda na yi maka kukan cewa shanun nan biyar da Baba ya bar mana, uku nawa biyu naka, sun shekara biyu babu wadda ta haihu. Tun da ruwan dam ya cinye tsohon garinmu da fadamar da suke kiwo, abin ya tsaya cak. Nan inda aka zaunar da mu tsakuwa ce da marmara, ciyawa ba ta kai wata biyu bayan ɗaukewar ruwa. Ta wajen Bakura kuma an yanka ƙasar da kanal, burtalin da shanu ke bi tun zamanin kakanni ya zama gonar alkama, in saniya ta sa ƙafa sai rigima. Kai kuma da ka ji kukana, Allah ya saka maka da alheri, bayan babbar salla ka aiko Falalu da ƙullin nan: kwalba biyu na allura, da sirinji, da takarda. Ka rubuta cewa irinta ce likitan gonar shanun da kake aiki yake yi wa shanun kamfani, kwana kaɗan sai su nemi bijimi. Ka kuma rubuta abu uku, har ka ja musu layi a ƙasa. Na ɗaya, kada a kuskura a yi wa saniya mai ciki, domin za ta zubar. Na biyu, sau ɗaya ake yi, ba a maimaitawa. Na uku, kada in taɓa kwalbar sai na kai wa malamin dabbobi a Talata Mafara ya duba shanun da hannunsa, ko kuwa in jira zuwanka. Na karanta duka ukun, na fahimta sarai. Ina faɗa maka wannan ne tun yanzu domin kada ka yi zaton takardar ce ba ta iso ba.

Mafara dai ban je ba. Ka san tun abin da ya faru a Birnin Tudu shekara biyu da suka wuce, da 'yan sanda suka buɗe wa manoma wuta kan rigimar dam, mutanenmu ba sa son taka ƙofar ofis kowane iri, ko da na maganin dabba ne. Da wannan na yi wa kaina hujja, amma gaskiyar magana gaggawa ce ta ci ni. Na riga na fara lissafa maruƙa a zuciyata. Sai na tafi ruga wajen Baffa Jatau, wanda ya riƙe wa Baba shanu shekara talatin kuma yake riƙe da namu, na nuna masa kwalbar. Ya juya ta a hannu, ya shinshina murfin, ya mayar mini. Ya ce shi bai san abin da ke ciki ba, amma ya san abin da ke cikin shanu. Ya ce uku sun ɗauka tun tsakiyar damina, da idonsa ya ga bijiminsa ya hau su kuma ba su sake nema ba: Ja taka, da Fara tawa, da Gudale ta Gwaggo Marka ƙanwar Baba, wadda ita ma take cikin garken. Ya ce rama ce ta hana cikin fitowa fili. Sauran ukun kuwa, in ji shi, yunwa ce ciwonsu, in ba su harawa da dusa da kanwa in ga ikon Allah.

Na dubi shanun, haƙarƙari a waje, cikin kowace a shafe kamar an ɗaure da igiya. Na ce a raina tsohon nan ƙyamar abin zamani ce kawai ke damunsa. Na faɗa masa maganar da har yau in na tuna sai in ji kamar in nutse. Na ce masa shekara biyu yana gaya mini sun ɗauka, ban ga ko kofato ba, in dai ba a rugarsa maruƙan ke sauka ba. Hayatu, mutumin da ya ɗora ni a kan jaki ina ɗan shekara huɗu, shi na jefa da wannan. Bai ɗaga murya ba. Ya ce shanuna ne, in kore su zuwa gida in yi abin da na ga dama, amma shi hannunsa ba zai riƙe ƙahon ko ɗaya ba. Ya kuma ce in ji tsoron Allah in bar ta Gwaggo, domin ba tawa ba ce.

Ban bar ta ba. Na je wajen Gwaggo Marka da kaina. Ka san tun rasuwar mijinta ba ta da kowa a gida, 'yarta ɗaya tana aure a Jangebe, gonarta tana ƙarƙashin ruwa tare da tamu, Gudale ce kaɗai ta rage mata a duniya. Na ce mata Hayatu ya aiko da maganin likita daga Jos wanda ke sa shanu haihuwa. Da ta ji sunanka sai fuskarta ta washe. Ta ce in dai daga hannun Hayatu ne, ai ɗanta ne, ba zai aiko mata da cuta ba. Ta tambaye ni ko ka faɗi yadda ake yi, na ce ka faɗa. Ban gaya mata layukan nan uku ba, ban kuma gaya mata abin da Baffa Jatau ya ce ba. Washegari da hantsi na koro shanun gida, na kira Ɗantala mahauci ya riƙe mini su a turke, na bi su ɗaya bayan ɗaya, duka shida, a cinya, yadda na ga ana yi lokacin rigakafin ciwon bushiya na shanu.

Kwana biyu ba a ga komai ba, sai nonon da Gwaggo ke ɗan samu na furarta ya ja baya. Rana ta huɗu da safe ina cikin sussukar dawa Mairo ta leƙo ta ce in zo in ga Fara. Na tarar da ita ta gantsare tana nishi, ruwa da jini na bin ƙafafunta. Kafin rana ta take ta yar da shi. Ɗan maraƙi ne, Hayatu, bai fi kyanwa girma ba, babu gashi, amma an halicci komai, har 'yan kofatai farare. Washegari Ja taka ta zubar. Rana ta shida Gudale. Uku cif, waɗanda tsohon ya ambata da sunansu, babu daɗi babu ragi. Gwaggo da kanta ta naɗe na Gudale a tsumma ta kai bayan gari ta binne. Ta ce mace ce. Garin neman ƙiba na samo rama, maruƙa uku da Allah ya riga ya ba mu ni na fitar da su da hannuna.

Fara da Gudale sun tashi, amma Ja mabiyiya ta ƙi faɗuwa. Ta yi ta yawo da ita a rataye har ta fara wari, ƙuda suka dame ta, ta daina tuƙa, jikinta ya yi zafi kamar tukunya. Na jiƙa mata sassaƙe iri-iri, na ba ta kanwa, ba ta ko kalla ba. Kunya ta hana ni komawa ruga, amma labari ya kai wa Baffa Jatau, sai ga shi da sandarsa ba tare da an kira shi ba. Bai gaishe ni ba, ni ma ban iya haɗa ido da shi ba. Ya wanke hannu da sabulu ya yi iyakar ƙoƙarinsa, ya ciro abin da zai ciru, sannan ya ce an makara, ruɓar ta shiga jini. Kwana tara ta yi a kwance. Da muka ga za ta tafi, Ɗantala ya sa mata wuƙa don kada ta yi mushe, amma da ya buɗe cikin sai ya ja da baya yana toshe hanci. Ya ce shi ba zai kai wannan nama kasuwa ba, ba zai kuma ba iyalinsa ba. Muka haƙa rami muka rufe ta, ko fatar ba mu cire ba. Saniyarka ce, wadda Baba ya nuna da sandarsa ya ce ta Hayatu ce tun kana makarantar firamare. Allah ya mayar maka da mafi alheri.

Da a nan na tsaya, da sai a ce tsautsayi. Amma wanda ya faɗa rijiya ko kaifin takobi aka miƙa masa kamawa zai yi. Sauran shanun ukun da ba su da ciki sun nemi bijimi kamar yadda ka ce, an hau su, na jira, bayan mako uku suka sake nema, alamar babu abin da ya zauna. Sai Shaiɗan ya raya mini cewa yanzu ai duk cikinsu fayau yake, babu abin da za a zubar, ga kuma kwalba ta biyu ba a taɓa ba. Na ce in Gudale ta ɗauka da wuri, na share wa Gwaggo hawaye, maganar ta mutu. Ranar da Gwaggo ta tafi Jangebe suna, na shiga gidanta na yi wa Gudale ta biyu, har na ƙara yawan ruwan don ta kama da kyau. Na yi wa namu ma. Ban shawarci kowa ba.

Tun daga ranar Gudale ba ta koma saniyar da ka sani ba. Ita da a da ko yaro ke janta da zare, yanzu sai an ɗaure ta da igiya biyu. Kullum cikin neman bijimi take, ba ta da rana ba ta da mako. Tana haƙar ƙasa da ƙafa, tana hawan 'yan'uwanta mata, muryarta ta yi kauri tana ruri kamar sa, gindin wutsiyarta ya ɗaga sama, hantsarta ta bushe ƙaf. An kai ta wajen bijimi sau huɗu, a banza. Ɗaya daga cikin nawa ma ta fara irin wannan, ko da yake nata bai kai haka ba. Mata suna wucewa ta ƙofar Gwaggo suna cewa an mayar mata da saniya namiji. Waɗansu suka ce iska ce, har aka kawo rubutu aka ba ta.

A nan ne zan gaya maka abin da ya fi mutuwar Ja nauyi. Mutane sun san daga wajenka allurar ta zo, domin ni na yi ta yaɗawa da alfahari ranar da Falalu ya sauke ƙullin. Da abin ya lalace sai magana ta juya kanka. A bakin masallaci, a majalisar mai shayi, har a kasuwar Janbako, ana cewa Hayatu ɗan boko ya aiko wa danginsa guba, ya gwada maganin Turawa a kan dukiyar marayu da gwauruwa. Wani ya ce ai dama wanda ya sha ruwan birni ba ya tuna na gida. Ina zaune ana faɗa, ina jin kowace kalma, takardarka tana cikin aljihun rigata, ban buɗe baki ba. In aka tambaye ni sai in ce ƙaddara ce, kowa ya yi haƙuri. Wata biyu cur na bar ka ɗauke da kayan da ni na ɗaura. Inna, wadda ba ta gama zance ba tare da ta sako sunanka ba, ta daina ambatonka a gaban mutane. Ta daina zuwa gidan biki. Bargon da ka aiko mata ta naɗe ta sa ƙarƙashin gado.

Mairo ce ta fara tura ni Mafara. Ba don shanu ba, don yara. Ta ce ita ba ta san ko ɗan nonon da ake samu daga Fara yana da lafiya ba, tana ba yara tana fargaba. Ranar Talata na shiga motar kasuwa na tafi, na nemi malamin dabbobi, na ajiye masa kwalaben. Mutum ne mai haƙuri, bai yi mini tsawa ba, kuma da ya yi da na fi jin sauƙi. Ya karanta rubutun jikin kwalbar, ya tambaye ni sau nawa na yi, da yawan da na zuƙa. Da na faɗa sai ya riƙe baki. Ya ce wannan ba maganin haihuwa ba ne yadda na ɗauka. Ya ce jikin saniya yana da wani sinadari nasa da ke gaya mata lokacin nema da lokacin riƙe ciki, wannan kuma kwaikwayonsa aka yi a masana'anta, yana da ƙarfi ƙwarai. A hannun likita, kan saniya mai ƙoshi da aka tabbatar ba ta da ciki, yana da amfaninsa. Amma in mai ciki ta samu, jikinta sai ya ɗauka lokacin riƙo ya ƙare, ya saki abin da ke ciki. In kuma aka yawaita, sai lissafin jikin ya rikice, ta yi ta nema ba ta sakin ƙwai. Ya ce saniyar da yunwa ta kama da gangan jikinta ke dakatar da haihuwa don ta tsira da ranta, allura ba ta zama ciyawa. Wato dai abin da Baffa Jatau ya gaya mini kyauta a bakin ruga, shi na hau mota na je na ji da Hausar boko.

Game da nono ya ce a zubar da na kwanakin farko bayan allura, mu kuwa mun riga mun sha. Ya ce Ɗantala ya yi daidai da ya ƙi naman. Sannan ya tambaye ni inda nake ajiye kwalaben, da ko akwai mai juna biyu a gidan. A cikin kwallar Mairo na ajiye su, kuma akwai ranar da ta biyun ta ɗiga, ita ta goge da hannunta. Ya ce irin waɗannan magunguna ba a son mace mai ciki ta taɓa su ko kaɗan, in kai ta asibiti a duba. Na kai ta. Ungozomar ta ce tana jin motsi, ba ta ga abin tsoro ba, amma a ci gaba da zuwa awo. Tun ranar ba na rabuwa da zullumi. In ta ce wash don bayanta ya riƙe, sai in bar abin da nake yi in je in duba ta. Ka sa mu cikin addu'a, Allah ya raba lafiya. Malamin dabbobin ya biyo ni har gida bayan mako guda a kan babur ɗinsa, ya sa hannu ya duba su duka. Ya ce namu huɗun in suka sami abinci akwai fata. Gudale kuwa ya ce wani ƙulli mai ruwa ya fito mata a ma'ajiyar ƙwai, wani lokaci yakan baje da kansa, wani lokaci saniya ta zama juya har abada, shi ba zai yi alkawari ba. A gaban Gwaggo ya tambaye ni ranar da na yi mata ta biyu. A nan ta ji. Ta dube ni kawai, ta shige ɗaki.

Ramin ƙarya ƙurarre ne. Ranar Juma'ar da ta biyo baya, bayan an sauko, na je wajen Malam Yusufu limaminmu na roƙe shi ya zo zauren gidanmu. Na aika aka kira Gwaggo da Baffa Jatau da Ɗantala, Inna ta zauna daga bakin ƙofar cikin gida. Na fito da takardarka na miƙa wa Malam, na ce ya karanta da ƙarfi, domin yana karanta boko kamar yadda yake karanta ajami. Ya karanta tun daga gaisuwa har inda ka ja layi. Da ya zo kan na ɗaya ya dakata ya dube ni, ya ci gaba. Na ce musu Hayatu ba shi da laifi, ya yi gargaɗi na take, Baffa ya yi gargaɗi na zage shi, na kuma bari ana cin naman ƙanena ina kallo. Na nemi gafarar kowa. Malam ya yi nasiha, ya ce gaggawa daga Shaiɗan take, amma shirun da na yi ya fi gaggawar muni, ya kuma ce zai faɗa a masallaci don a wanke sunanka. Ya cika, ya faɗa bayan la'asar.

Inna ta yi kuka. Ta ce jiya tana jin kunyar ɗa ɗaya, yau tana jin ta ɗayan, kayan bai ragu ba kafaɗa kawai ya sauya. Amma da yamma na ga ta ciro bargonka ta shanya. Baffa Jatau ya ce ya yafe tun ranar, domin Baba ya fi ƙarfin haka a wajensa. Sai dai ya ce zamansa a nan ya ƙare, ba don ni ba, don ƙasar ba ta da sauran wurin saniya. Ya tashi da iyalinsa makon jiya, sun yi kudu wajen dajin Ɗansadau. Na roƙe shi ya tafi da shanunmu huɗu, har da ɗayar taka da ta rage, ya karɓa. Na yanke wannan ban jira izininka ba, domin in suka kai bazara a nan ba za su ga damina ba. Na raka su har bayan Janbako. Da za mu rabu ya ce in Allah ya sa sun haihu zai aiko, in kuma ban ji ba, to, in yi haƙuri. Turakun suna nan a kafe a bayan gida, ban iya tuge su ba tukuna.

Gwaggo ta hana a tafi da Gudale. Ta ce ko ta zama juya a gabanta za ta tsufa. Ita ke bin gidaje tana karɓar dusa da ruwan tsari, tana tsinto mata kara a gonakin mutane. Na ce ta zaɓi ɗaya cikin nawa ta zama tata, ta ce ba saniya ta rasa ba. Ina kai mata harawa duk safiya in ajiye a ƙofa, ba ta mayarwa. Tana amsa gaisuwata, amma ba ta ƙara kirana da ɗan lelen Yaya ba, sunan da take tsokanata da shi tun ina yaro. Maiwada take cewa, kamar kowa.

Shekaranjiya ta aiko aka kira ni. Ta ce ta ji zan rubuta maka, in gaya maka ta janye zargin da ta yi maka a zuci, ka yafe mata. Ta ce ka tambayar mata likitan wurin aikinku, wanda ya san allurar nan ciki da waje, ko saniyar da ta shiga wannan hali tana sake ɗaukar ciki, ko akwai abin da ake yi mata, kuma ka faɗi gaskiya ko mai ɗaci ce. Sannan ta ce in amsar ta zo, kada in wahalar da kaina, Malam Yusufu zai karanta mata. Don haka ka rubuta sunan Malam a bayan ambulan, ka ba Falalu ya kai masa hannu da hannu. Ban yi mata musu ba, ita ke da gaskiya.

Ni kuma, Hayatu, ban san da bakin da zan roƙe ka ba. Ka aiko da alheri na mayar da shi abin kuka, na kashe maka saniya, na bari aka ɓata maka suna a garin ubanka. Girman da Allah ya ba ni a kanka ban riƙe shi ba. Idan kana da abin da za ka ce mini, faɗa ne ko yafiya, ka sa shi cikin wannan takardar ta Malam, a karanta a zaure kowa ya ji. Kada ka sake aiko da wani magani. In Allah ya kai mu ƙaramar salla ka yi ƙoƙari ka zo, Inna tana son ganinka da idonta.

Inna tana gaishe ka, tana sa maka albarka, ta ce a shafa mata kan yara. Gwaggo Marka tana gaishe ka. Mairo tana gaida Adama, ta ce ta gode da turmin atamfa. Fatimatu da maigidanta sun bar sallahun gaisuwa, haka Malam Yusufu da Ɗantala. Baffa Jatau ma kafin ya wuce ya ce in na rubuta in ce yana gaishe ka. Ka gaida Hashimu abokin aikinka da ya sauke ni a ɗakinsa waccan shekarar, da duk wanda ya san mu. Allah ya sada mu da alheri, ya sa mu gama da duniya lafiya.

Wassalam.

Ni ne yayanka mai jiran amsa daga bakin Malam,
Maiwada.